Na Ce Wayar Ta Katse

Kun dame ni a akwatin saƙo kuna tambayar inda na shige wata guda, wasu har da zolaya wai ko an kai ni ɗaki ne ban gayyace ku ba. Ba a kai ni ba. Shiru na yi saboda abin da zan faɗa muku yau ba shi da daɗin faɗa, kuma duk wadda ta karanta ta ji ta tsane ni, ba zan ga laifinta ba. Ni kaina akwai safiyar da nake ɗaura ɗankwali ba tare da na kalli madubi ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu. Tun da Abba ya rasu daga ni sai Umma, yayyena mata biyu suna gidajen mazajensu. Ina aiki a kamfanin wanki da guga, irin wanda otal-otal da asibitoci ke kawo wa zannuwan gado da tawul. Ni ce a kanta: in ɗaga waya, in maƙala lamba a jikin kaya, in gaya wa direba inda zai kai da inda zai ɗauko. Wanda zan aura malamin lissafi ne a sakandare, kowa Ticha yake ce masa, har Umma. A lokacin saura mana wata biyu biki.

Ticha ba shi da uwa ba shi da uba, yayansa ne ya raine shi tun yana shekara bakwai. Yayan nan ɗan sanda ne, Yaya Sufeto muke ce masa. Mutum ne mai kirki, kuma wannan ne abin da ya fi ci min rai. Shi ya kai Umma asibiti da hawan jininta ya tashi, shi ya kawo mai walda ya gyara mana ƙofar gida. “Ƙanwata” yake ce min. Muryarsa a dishe take, ba ya magana sai ya yi gyaran murya, kuma duk jimla biyu sai ya ce, “Ka gane ko?”

Direbanmu kuwa Rediyo muke ce masa. Shekara uku muna aiki tare ban taɓa ganin ya yi shiru na minti biyar ba. Da safe zai turo ƙofa da kafaɗa, filas ɗin shayi a hammata, ya ce, “Jama’a, ga labaran duniya, a saurara!” Baba mai guga, tsohon da ya fi kowa daɗewa a wurin, ya ce, “A rage murya, ko a cire batir.” ’Ya’yan Rediyo uku duk mata, kullum aljihun rigarsa da alewar minti da zai kai musu, rabi kuwa mu muke shanyewa. Ni Madam Kanta yake ce min.

Ranar Laraba ce. Asabar ɗin makon ’yan’uwan Ticha mata za su zo gaida Umma, ni kuwa na kai ɗinki: leshi ruwan zuma, riga da siket, da ɗan aiki a wuya. Tela ya ce in ban zo kafin biyar ba zai rufe, tafiya zai yi sai Litinin. Manaja ta ce ba inda za ni, kaya sun yi yawa. Sai na kira Rediyo. Lokacin ya ɗebo kayan otal na ƙarshe, hanya ɗaya miƙaƙƙiya ta rage masa ya dawo.

“Don Allah ka biya ta hanyar gada ka karɓo min ɗinki.”

“Da motar kamfani? Madam Kanta, so kike a kore ni?”

“Minti goma ne fa. Ba wanda zai sani.”

“To me zan samu?”

“Addu’a.”

“Ita ce dai ba kwa rowarta. Shi ke nan, saboda Ticha zan je, kada ya gan ki da tsohuwar atamfa ya fasa.”

Ƙarfe huɗu da kwata na kasa haƙuri na sake kiransa. Wayata tana naɗar duk kiran da na yi, ni na saita ta haka saboda masu kaya da za su ce tawul ashirin a waya, gobe su rantse sha biyu suka ce.

“Ka karɓo?”

“Ga shi nan a kujerar gefena, har bel na ɗaura masa. Kai, telan nan naki ɗan duniya ne, kin san abin da ya ce min? Tsaya, ga ’yan sanda sun sa shinge. Kada ki kashe, ban gama ba ki labarin ba.”

Na ji ya rage gudu. Na ji ya tsaya. Ku riƙe wannan don Allah: ya tsaya. Na ji ƙarar birkin hannu, wanda kullum yake ja kamar zai tumɓuke shi.

“Sannunku da aiki, ranka ya daɗe. An wuni lafiya?”

Wata murya mai rawa ta daka masa tsawa. “Takardu! Me ke bayan motar?”

“Zannuwan gado ne masu datti. In kana so in buɗe maka, amma ka toshe hanci. Takardu kuma suna cikin ɗan akwatin nan, bari in…”

“Kada ka motsa! Na ce kada ka…”

Ƙara ta tashi sau biyu. Na ɗauka taya ce ta fashe. Sai na ji Rediyo, da wata ƙaramar murya da ban san shi da ita ba: “Wayyo Allah. Takarda ce fa. Takarda zan ɗauko.”

Takun gudu. Sannan wani ya yi gyaran murya, jikina ya yi sanyi tun kafin ya buɗe baki.

“Kai, me ka yi? Me ka yi haka? Ajiye wayar nan, ba wanda zai kira kowa tukuna, ka gane ko? Ku tura motar gaba ta ture shingen. Ƙin tsayawa ya yi, ya taho zai take mu. Abin da ya faru ke nan, ka gane ko?”

“Yallaɓai, yana numfashi fa.”

“Na ce ku tura.”

Suna tura motar Rediyo yana ciki yana cewa, “Ku kai ni asibiti, ina da yara.” Sau uku ya faɗa, kowanne ya fi na baya rauni. Daga nan sai sunan Allah. Sai wani ya ce, “Yallaɓai, wayarsa a kunne take.” Ƙit.

Minti huɗu da daƙiƙa goma sha ɗaya.

Kun san me nake yi duk tsawon lokacin nan? A tsaye nake, waya a kunne, wata mata a gabana ta baza labule a kan kanta tana tambayata ko tabon zai fita. Na san daidai inda yake, ai ni na aike shi. Na san akwai asibiti minti biyar daga gadar, mu ke wanke musu zannuwa, lambarsu tana manne a bangon da nake kallo. Ban kira ba. Hannuna ya ƙi, bakina ya ƙi. Da na samu ƙafafuna suka ɗauke ni zuwa ofishin Manaja, abin da ya fito daga bakina shi ne, “Kamar Rediyo ya yi hatsari wajen gada.” Ƙaryata ta farko ke nan. Kafin Manaja ta isa, an wuce da shi ɗakin ajiye gawa.

Washegari aka karanta sanarwa: wani direba ya ƙi tsayawa a shingen bincike, ya yi yunƙurin take jami’ai, ana kuma binciken abin da ya kai shi hanyar da ba ta aikinsa ba.

Ranar Juma’a da la’asar ina falo na ƙura wa talabijin ido ba na ganin komai, na ji tsayuwar mota. Yaya Sufeto ne, ba kaki, farar shadda ya sa da hula, da ledar lemo da ayaba a hannu. Ya durƙusa ya gaida Umma kamar kullum, ya zauna a kujerar da ke ƙarƙashin hoton Abba. Idonsa ya yi ja, ya rame cikin kwana biyu. Fankar sama tana ta ƙwas-ƙwas ɗinta, ni ina ƙasa a kan kafet ina murza bakin mayafina.

“Ƙanwata, ya haƙuri? Aka ce abokin aikinku ne.”

“Da godiya, Yaya.”

Ya yi gyaran murya. “An duba wayarsa, an ga lambarki ce ta ƙarshe. Ni na ce a bar min wannan, ’yar gida ce, kada a tayar mata da hankali. Kin ji wani abu ne?”

Umma tana kallona. Shi yana kallona. Wallahi ba barazana a fuskarsa, roƙo ne kawai, kamar mai tambayar likita sakamakon gwaji.

Na ce, “Ta katse, Yaya. Yana cewa ga ’yan sanda, sai na daina ji. Ka san sabis ɗin wajen gada.”

Ya sauke numfashi har kafaɗunsa suka faɗi. “To alhamdulillahi da ba ki ji tashin hankali ba. Litinin ki leƙo ofis ki sa hannu a takardar bayani, layi uku ne, shi ke nan an wuce wurin, kin gane ko?”

Na gane. Litinin na je na sa hannu da biro mai shuɗin murfi, har aka kawo min ruwan sanyi.

Leshin bai dawo ba, ranar Asabar tsohuwar atamfar na sa. Baƙi suka ce amarya akwai kunya, ko kai ba ta ɗagawa.

Ticha kuwa bai san komai ba sai abin da yayansa ya gaya masa. Saƙonninsa suna shigowa kamar kullum, ƙarfe goma lokacin hutun ɗalibai, da kuma bayan an tashi daga makaranta.

“Kin karya kuwa? Kada ki ce min shayi, shayi ba abinci ba ne.”

“Na ci.”

“Yaya ma ya kasa cin komai. Ya ce bai taɓa ganin mutum ya taho da mota haka ba. Allah ya jiƙansa, ya kuma shirya masu tuƙi.”

Na daɗe ina kallon saƙon nan. Na rubuta, “Ya tsaya fa.” Na goge. Na tura, “Amin.”

Kwana goma na riƙe, sannan na fashe wa Umma. Da hantsi ne, tana zaune a ɗakina tana jera min sababbin kwanuka cikin kwali, tana sa jarida tsakaninsu. Ban kunna mata abin da wayar ta naɗa ba, da baki na faɗa. Ta ajiye murfin da ke hannunta a hankali.

“Tashi ki rufe taga.”

Na rufe.

“Ke kika harba?”

“A’a.”

“Shi ya harba?”

“A’a, Umma, amma ya hana a kai shi…”

“Auta, dube ni. Gidan nan mata ne zalla. In kika buɗe baki, wa zai tsaya mana? Aure saura mako bakwai, an gaya wa duniya. Wanda ya tafi ya tafi, maganarki ba za ta dawo da shi ba. Ki goge abin nan, ki yi ta masa addu’a.”

Tana faɗa hawaye na zubo mata, don ta san Rediyo, sau biyu yana kawo ni gida da ruwan sama ya tare ni, ya tsaya a ƙofa yana ba ta dariya. Bayan awa ɗaya Yaya babba ta kira. “Ke dai ki rufa mana asiri. Kin san shekara nawa Umma ta yi tana jiran ranar nan? Kada ki zama sanadin tashin ciwonta.”

Na ce to. Na buɗe wayar, na ɗora yatsa a kan gogewa, na kasa. Ban goge ba, ban kuma faɗa ba. Na zauna a tsakiya, inda ya fi ko’ina sauƙin zama da wuyar barci.

A wurin aiki kuwa, injinan wanki suna ta juyi kamar da, tururin guga da ƙamshin sitati kamar da, amma wurin ya zama kamar gidan da aka kwashe kaya. An ɗauki sabon direba, bawan Allah ba ya cewa komai sai “ina kaya?” Baba mai guga ya ɗauko rigar aikin Rediyo ta biyu, ya goge ta har karin hannu ya tsaya, ya rataye a hanga kusa da ƙofa. Manaja ta gani ba ta ce a sauke ba. Ranar da ya cika mako biyu duk muka kashe injina na awa ɗaya, muka fito bakin titi da hotonsa. Direbobin wasu kamfanoni suka tsaya suka shiga cikinmu, aka ɗauka a waya, ya bazu. Ni aka ba hoton in riƙe, wai ni ce ’yar gaban goshinsa. Da hayaniya ta yi yawa aka kafa kwamitin bincike, wata lauya kuma ta karɓi maganar iyalinsa. Ta zo ta same ni a kanta, na maimaita mata layi ukun nan ba tare da na ɗaga kai daga littafin karɓar kaya ba.

Asabar da ta wuce, saura kwana biyu kwamiti ya zauna, Baba ya ce in raka shi mu kai wa iyalin Rediyo kayansa da suka rage: filas, hula, da takalmin roba da yake sawa in zai wanke mota. Ba yadda zan ce a’a.

Ciki da falo ne a ƙarshen wani layi. Keken ɗinki a lungu an rufe shi da zani, jakunkunan makaranta uku a jikin ƙusa. Matarsa ta riƙe hannuna da hannu biyu ta ƙi saki.

“Ke ce Madam Kanta. Kullum sai ya yi zancenki. Ya ce ranar bikinki shi zai ja motar amarya, ko da ta wankin ce.”

Na yi murmushi, ban san da wace fuska ba.

Ta rage murya. “’Yar’uwa, ko kin san me ya kai shi hanyar gada? Mutuwa na karɓa, daga Allah take. Maganar mutane ce ta hana ni sakat. Wasu sun ce mace yake ajiye da ita a can. Wasu sun ce kayan laifi yake ɗauka a ƙarƙashin zannuwa. Babbar ta daina zuwa makaranta, wai ana ce mata ’yar mai take ’yan sanda.”

Babbar tana bakin ƙofar ɗaki, ba za ta wuce sha biyar ba, dogon wuyan ubanta sak. Ta matso ta durƙusa a gabana.

“Anti, aka ce da ke ya yi magana ta ƙarshe. Me ya ce?”

“Raha yake yi, kamar kullum.”

“Ya ji zafi?”

Jama’a, na dubi idon yarinyar nan na ce, “Ban sani ba. Wayar ta katse.”

Ta gyaɗa kai ta ce, “Mun gode, Anti, da kika zo.” Har bakin layi ta rako mu.

Muna tsaye muna jiran mota, rana ta yi sanyi, mota biyu suka wuce Baba ya ƙi tsayar da su, sannan ya juyo ya dube ni.

“’Yata, ranar da aka dawo da motar, ni na share gabanta. Akwai leda a ƙarƙashin kujera, leshi ne ruwan zuma, da sunanki a jiki da rubutun tela. Tana ƙarƙashin teburin gugata yau kwana goma sha shida.”

Na dafa ƙarfen rumfar jiran mota.

“Ni tsoho ne, ban san abin da kika ji ko ba ki ji ba, ba kuma zan tambaye ki ba. Amma me ya kai shi gada, na sani, kin sani. Yarinyar can ce ba ta sani ba.” Ya laluba aljihu ya miƙo min ɗan katin lauyar, ya tsayar da mota ya shiga, ya bar ni nan.

Na zauna a bencin rumfar na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar. Wata mai jiran mota ta miƙo min hankici tana cewa in yi haƙuri, kowa da ranarsa. Da na share ido na kwafi lambar, na nemo abin da wayata ta naɗa, na tura. Na bi shi da saƙo: “Ni ce ta kanta. Takardar da na sa wa hannu ƙarya ce. Ni na aike shi hanyar gada.” Alama ɗaya, alama biyu. Ko minti shida ba a yi ba ta kira. Ta ce, “Za ki iya maimaita wannan a gaban mutane?” Na ce ban sani ba, amma zan zo.

Lahadi bayan azahar na tura wa Ticha: “Ka zo gida yanzu, don Allah.” Ya zo da takardun jarrabawa a hannu da jan biro a aljihu, yana murmushi. “Lafiya? Ko kin canza launin labule karo na huɗu?”

Umma tana ɗakinta, na san tana jinmu. Na ajiye wayar a kan ɗan teburin gilashi na ce, “Ka saurara har ƙarshe, kada ka tsayar.”

Da farko ya yi ’yar dariya a wurin zancen bel. Da aka yi harbin ya zabura. Da aka yi gyaran muryar nan kuwa, na ga fuskar mutum tana tsufa a gabana. Ya zare tabarau, ya riƙe shi a hannu, bai motsa ba har ƙit.

“Sake sa min.”

Na sake.

“Ba shi ba ne,” ya ce. Sannan a hankali, “Shi ne.”

Ya sunkuyar da kai. “Shi ya koya min ɗaura igiyar takalmi. Da zazzaɓi ya kama ni ina aji uku, a bayansa ya goya ni har asibiti, da gudu, ba takalmi a ƙafarsa. Ya san hanyar asibiti.” Ya ɗago. “Tun yaushe kike da wannan?”

“Tun ranar.”

“Wata guda. Ina turo miki saƙo ina cewa mutumin ne ya ƙi tsayawa, kina ce min amin.”

“Tsoro na ji.”

“Tsoron wa? Nawa?”

“Tsoron rasa ka.”

“Wa kuma ya ji?”

“Umma ta san da shi. Lauyar iyalinsa kuma na tura mata jiya.”

Ya miƙe tsaye, takardun suka zube daga cinyarsa. “Kin tura. Sannan kika kira ni.”

“Da kai na fara kira, da ba zan iya turawa ba.”

“Kin ɗauka zan hana ki?”

“Ban sani ba. Za ka hana ni?”

 Ya durƙusa ya tattara takardun ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya, ya daidaita bakinsu a gwiwa kamar wannan ne aiki mafi muhimmanci a duniya. A bakin ƙofa ya tsaya bai juyo ba.

“Gobe ƙarfe nawa?”

“Goma.”

Ya fita. Ban ji ya tada babur ɗinsa ba sai bayan kusan minti goma.

Umma ta fito ta tsaya ta riƙe labule. “Kin kashe aurenki da hannunki,” ta ce, ta koma ciki. Yaya babba ta kira sau tara ban ɗauka ba. Ticha bai turo komai ba, na duba wayar har ta yi zafi.

Da safe na gaida Umma ba ta amsa ba. Na sa doguwar riga ruwan toka, ina ƙoƙarin yafa farin mayafi, sai na ji ta a bayana. “Ba wannan ba. Ki sa baƙin, ya fi kamala.” Ta gyara min shi a kafaɗa da kanta, ba ta dube ni ba, ta ce, “In bakinki ya bushe, ki nemi ruwa. Kada ki yi sauri.”

Zauren ya cika. Kujeru kashi biyu, da hanya a tsakiya. A dama ’yan sanda da iyalansu, Yaya Sufeto a layin gaba cikin kaki, ya hango ni ya ɗaga min hannu, har da murmushi. Bai sani ba. Ashe Ticha bai gaya masa ba. A hagu matar Rediyo da babbar ’yarta, da Baba, da Manaja, da ’yan wurin aikinmu duk cikin rigar aiki.

Aka kira ni. Na yi rantsuwa. Shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai furfura a gaban goshi, ta ɗaga takardar nan mai layi uku ta ce, “Wannan sa hannunki ne?”

“Nawa ne, ranki ya daɗe. Amma abin da ke ciki ƙarya ne. Wayar ba ta katse ba. Kuma ni na aike shi hanyar gada, ɗinkina ya je karɓo min.”

Zaure ya ɗauki guna-guni. Ban kalli dama ba. Hagu na kalla, na ga yarinyar ta toshe baki da hannu biyu tana kallona, uwarta kuwa ta sunkuyar da kai. Ban san ko yafiya ce ko tsana ba, ban kuma cancanci in tambaya ba.

Lauya ta miƙe ta nemi izinin a saurari abin da wayata ta naɗa. Ana haɗa na’urar ke nan ƙofar baya ta buɗe. Ticha ne, da rigar jiya a jikinsa. Ya tako ta hanyar tsakiya har ya zo daidai layin gaba ya tsaya. Yayansa ya ɗauke hularsa daga kujerar da ke gefensa, ya bubbuga ta da tafin hannu. A ɗaya ɓangaren Baba ya matsa, ya bar gurbin mutum ɗaya.

Shugabar ta dube shi ta saman tabarau. “Malam, ka samu wuri ka zauna.”

Bai zauna ba. Yana nan tsaye a tsakiya, hannuwansa a sake, lokacin da muryar Rediyo ta cika zauren.